Tarihin Binciken Rabuwar Ƙwayar Halitta da Gano Dangin CDK

Duk wani mai rai, daga yis ɗin da ke kumbura burodi har zuwa ɗan Adam, an gina jikinsa ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda masana ke kira sel, kuma babu wata hanya da sabon sel ke samuwa sai ta rabuwar wanda ya gabace shi gida biyu. Jikin baligi yana ɗauke da kimanin sel tiriliyan 30, dukkansu kuwa zuriyar ƙwai guda ne da ya haɗu da maniyyi, saboda haka tambayar abin da ke ba sel umarnin rabuwa, da abin da ke hana shi yin haka kafin lokaci ya yi, tana daga cikin tsofaffin tambayoyin ilimin halittu. Amsar da aka samu a ƙarshen ƙarni na 20 ta rataya ne a wuyan wani dangi na furotin da ake kira CDK, kuma tarihin gano shi tarihi ne na rukunin masu bincike guda uku, wato masu aiki da ƙwan kwaɗo da masu aiki da yis da masu aiki da ƙwan dabbobin teku, waɗanda suka shafe kusan shekara ashirin kowa yana fama a nasa ɗakin bincike ba tare da sanin cewa abu ɗaya suke nema ba.

Masanan ƙarni na 19 sun ga rabuwar sel da idanunsu tun kafin su sami hanyar fahimtar ta. A shekarar 1855 likitan nan na Jamus, Rudolf Virchow, ya yaɗa ra'ayin cewa kowane sel daga wani sel ya fito, sannan a 1882 Walther Flemming na jami'ar Kiel ya wallafa zanen abin da ya gani ta madubin ƙara girma a jikin wata dabbar ruwa mai kama da ƙadangare, inda wasu zarurruka da ke cibiyar sel suke kauri, su jeru a tsakiya, su rabu gida biyu, kowane rabi ya nufi gefe guda. Waɗannan zarurruka su ne aka sanya wa suna kuromosom, kuma daga baya aka tabbatar da cewa su ke ɗauke da DNA, sinadarin da bayanan gado ke rubuce a cikinsa.

A wannan zamani ne aka kafa tashoshin bincike a bakin teku, waɗanda suka zama gidan wannan sana'a har tsawon ƙarni guda. Anton Dohrn ya kafa ta birnin Naples na Italiya a 1872, aka kuma buɗe ta Woods Hole da ke gaɓar jihar Massachusetts ta Amurka a 1888. Dalilin da ya kai masu nazarin sel bakin teku dalili ne na aiki, domin bushiyar teku, wata ƙaramar dabba mai ƙaya a duk jikinta, tana zubar da miliyoyin ƙwai a cikin ruwa, ƙwan yana da haske har ana iya ganin abin da ke gudana a cikinsa, kuma idan aka zuba masa maniyyi a lokaci ɗaya sai duk ƙwayayen su riƙa rabuwa tare, wanda hakan ke ba mai bincike damar auna abin da ba zai iya aunawa a cikin sel guda ba. Da irin wannan ƙwai ne Theodor Boveri ya nuna cewa sel ɗin da ya sami kuromosom ba daidai ba yana lalacewa, har a 1914 ya rubuta ɗan littafi yana hasashen cewa ciwon daji yana farawa ne daga sel guda da kuromosom ɗinsa suka hargitse. Mutanen zamaninsa ba su ba hasashen muhimmanci ba, kuma sai bayan fiye da shekara hamsin aka dawo kansa.

Mataki na gaba ya zo ne daga wani asibiti a Landan. A 1953 Alma Howard da Stephen Pelc, suna aiki a asibitin Hammersmith, sun shayar da saiwar wani nau'in wake sinadarin fosfaras mai fitar da haskoki, wanda ke shiga cikin sabon DNA yana barin tabo a jikin fim ɗin hoto, sai suka gano cewa sel yana kwafar DNA ɗinsa ne a wani keɓantaccen lokaci, akwai kuma tazara kafin kwafar da wata tazarar bayanta. Daga nan aka sami matakai huɗu da ake koyarwa har yau: G1, lokacin da sel ke girma, S, lokacin kwafar DNA, G2, lokacin shiri, sai M, lokacin rabuwa. Sel ɗin ɗan Adam da ake reno a ɗakin bincike yakan kammala wannan zagaye cikin kimanin awa 24, rabuwar kanta kuwa ba ta cin fiye da kusan awa ɗaya.

A daidai waɗannan shekaru, wasu masana biyu a jami'ar Washington da ke Seattle, Edmond Fischer da Edwin Krebs, suna nazarin yadda tsoka ke fitar da sukarin da ta adana, aikin da babu wanda ya danganta shi da rabuwar sel. A 1955 suka nuna cewa furotin ɗin da ke wannan aiki yana farkawa ne idan aka liƙa masa wani ɗan ƙaramin sinadari mai suna fosfet, yana kuma kwantawa idan aka cire shi, tamkar makunnin fitila da ake dannawa sama da ƙasa. Furotin ɗin da ke liƙa fosfet a jikin wani furotin shi ake kira kainas, wanda ke cirewa kuma fosfatas. An ba su kyautar Nobel a 1992, lokacin da ta bayyana cewa kusan babu wani aiki a cikin sel da wannan dabara ba ta shiga ba, kuma yanzu an san cewa jikin ɗan Adam yana da nau'o'in kainas fiye da 500.

Rukuni na farko cikin ukun ya fara ne da ƙwan kwaɗo, wanda girmansa ya kai a soka masa siririyar allurar gilashi. Yoshio Masui, ɗan ƙasar Japan da ya yi aiki tare da Clement Markert a jami'ar Yale, ya zuƙo ruwan cikin ƙwan da ya nuna ya zuba a cikin ɗanyen ƙwai da ke tsaye bai shiga rabuwa ba, sai ɗanyen ya kama hanyar rabuwa, kuma da ya zuƙo daga wannan ya zuba a wani, shi ma sai ya bi sahu. A rahoton da suka wallafa a 1971 sun kira abin da ke cikin ruwan MPF, wato sinadarin da ke sa ƙwai ya nuna, alhali ba su san ko mene ne shi ba. Shekara guda kafin haka, Potu Rao da Robert Johnson na jami'ar Colorado sun haɗe sel mai rabuwa da wanda bai kai ga rabuwa ba, suka ga kuromosom ɗin na biyun sun yi kauri kafin lokacinsu, wanda ke nuna cewa akwai wani umarni da ke yawo a cikin ruwan sel. Daga baya aka lura cewa ƙarfin MPF yana hawa yana sauka a kowane zagaye, ko da an cire wa ƙwan cibiyarsa, saboda haka masu aiki da kwaɗo suka tafi a kan cewa akwai wani agogo a cikin sel. Sai dai duk yunƙurin tace MPF ya ci tura har tsawon shekara goma sha bakwai, domin sinadarin yana da saurin lalacewa, kuma hanyar gwada shi ita ce a bi ƙwai ɗaya bayan ɗaya da allura.

Rukuni na biyu ya bi hanyar ilimin gado. Leland Hartwell, shi ma a jami'ar Washington, ya tara nau'o'in yis na burodi masu naƙasa a ƙwayar gado guda, ƙwayar gado kuwa ita ce yankin DNA da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin ɗaya. Matsalar da ke gaban duk mai irin wannan aiki ita ce sel ɗin da ya kasa rabuwa ba ya barin zuriya balle a yi nazarinta, kuma Hartwell ya kauce mata ta hanyar zaɓar yis ɗin da ke rayuwa lafiya a ma'aunin zafi 23 amma naƙasarsa ke bayyana a 36. Da yake wannan yis yana haihuwa ne ta fitar da toho a gefensa, girman tohon yana nuna inda sel ya kai a zagayensa, don haka kallo ɗaya ta madubi ya isa a gane inda kowane mai naƙasa ya cije. Daga 1970 zuwa 1974 shi da ɗalibansa suka gano gomman ƙwayoyin gado da suka kira CDC, kuma ɗaya daga cikinsu, CDC28, ta fita daban domin ita ce ke tsaron mashigin da ke cikin G1, inda sel ke yanke shawarar shiga sabon zagaye. Abin da masu yis suka gani ya fi kama da sarƙa, inda kowane mataki ke jiran wanda ya gabace shi, kuma wannan ya saɓa wa agogon masu kwaɗo har wasu suka ɗauka cewa halittun biyu ba tsari ɗaya suke bi ba.

A Edinburgh ta Sikotland, Murdoch Mitchison ya daɗe yana aiki da wani yis na daban, wanda aka fara ware shi a 1893 daga giyar gero ta Gabashin Afirka, yis mai siffar sanda da ke girma ta tsawo sannan ya tsage a tsakiya. Paul Nurse ya iso wurinsa a 1973 da niyyar maimaita aikin Hartwell, kuma yawancin masu naƙasar da ya samu dogaye ne, domin sun ci gaba da girma ba tare da rabuwa ba. Amma a cikinsu ya ci karo da wasu gajeru da ke rabuwa tun suna kusan rabin tsawon da aka saba, kuma a nan ne basirarsa ta bayyana. Sel yana iya tsayawa saboda lalacewar kowane ɗaya daga cikin ɗaruruwan kayan aikinsa, amma ba zai yi gaggawar rabuwa ba sai idan abin da ya taɓu shi ne mai ba da umarnin kansa. Zuwa 1980, tare da Pierre Thuriaux, Nurse ya nuna cewa ƙwayar gado mai suna cdc2 ita ce ke tsayar da lokacin rabuwa. A 1982 shi da David Beach suka gano cewa CDC28 ta Hartwell tana iya maye gurbinta, a tsakiyar shekarun 1980 aka tabbatar da cewa furotin ɗin da su biyun ke ƙerawa kainas ne, sannan a 1987 Melanie Lee, tana aiki tare da Nurse a Landan, ta zuba ƙwayoyin gadon ɗan Adam a cikin yis mai naƙasasshiyar cdc2, ɗaya daga cikinsu ta warkar da shi. A lissafin masana, fiye da shekara biliyan ɗaya ke tsakanin yis da ɗan Adam, amma furotin ɗin biyu sun yi tarayya a kusan kashi 63 cikin ɗari na jerin tubalansu.

Rukuni na uku ya fito ne daga tsohuwar al'adar Woods Hole, inda masana daga jami'o'i daban-daban ke taruwa kowace bazara su koyar da ɗalibai su kuma yi nasu binciken da abin da teku ta bayar. Tim Hunt na jami'ar Cambridge yana cikin masu koyarwa a wurin, kuma abin da ya dame shi a lokacin shi ne yadda ƙwai ke fara ƙera furotin bayan haɗuwarsa da maniyyi, rabuwar sel ba ta cikin lissafinsa. A watan Yuli na 1982 ya shayar da ƙwan bushiyar teku wani tubalin furotin mai fitar da haskoki, yana ɗibar samfuri kowane minti goma, yana rarrabe furotin ɗin da ke ciki gwargwadon nauyinsu da ƙarfin wutar lantarki. Kusan dukkansu sun yi ta ƙaruwa kamar yadda aka zata, amma guda ɗaya ya taru har ya yi yawa, ya ɓace baki ɗaya a daidai lokacin da ƙwan ke rabuwa, sannan ya sake taruwa. Hunt ya kira shi saikilin saboda wannan zagaye da yake yi. A wancan lokaci masana ba su saba da tunanin cewa sel zai iya zaɓar furotin guda ya ruguza shi cikin 'yan mintoci da gangan ba, shi ya sa rahoton da ya fito a 1983 bai sami karɓuwa nan take ba, kuma a gaskiya abin da ke hannun Hunt a lokacin dacewar lokaci ce kawai tsakanin abubuwa biyu, wadda ba ta isa hujja a kan cewa ɗaya ne ke haddasa ɗayan ba. Hujjar ta fara zuwa a 1986 daga ɗakin binciken Joan Ruderman, wadda ita ma ma'abuciyar Woods Hole ce, lokacin da aka ɗauko umarnin ƙera saikilin daga wata dabbar teku mai ɓawo biyu aka zuba a ɗanyen ƙwan kwaɗo, ƙwan ya shiga rabuwa.

A 1988 hanyoyin uku suka haɗu. Manfred Lohka da James Maller a Denver sun yi nasarar tace MPF bayan sun ƙirƙiro hanyar gwada shi a cikin kwalbar gwaji, suka tarar da furotin biyu a manne da juna. Cikin 'yan watanni aka tabbatar da cewa ƙaramin shi ne takwaran cdc2 na kwaɗo, ba da jimawa ba kuma aka gane cewa babban saikilin ne. A 1989 Andrew Murray da Marc Kirschner suka nuna cewa ƙera saikilin kaɗai ya isa ya tura ruwan ƙwan kwaɗo cikin rabuwa, kuma idan aka hana a ruguza shi sai rabuwar ta kasa ƙarewa.

Tsarin da ya fito daga wannan haɗuwa bai da wuyar bayani. Kainas ɗin yana nan a cikin sel koyaushe amma ba ya aiki sai saikilin ya manne masa, daga nan ne aka samo sunan CDK, wato kainas mai dogaro da saikilin. Ko bayan sun haɗu, wani kainas mai suna Wee1, wanda naƙasarsa ce ta haifar da yawancin gajerun yis na Edinburgh, yakan liƙa masa fosfet a wani wuri da ke daƙile shi, har sai sel ya shirya sannan fosfatas mai suna Cdc25 ya cire. Da zarar CDK ya farka sai ya liƙa fosfet a jikin ɗaruruwan furotin, kuromosom su yi kauri, bangon cibiyar sel ya wargaje, zarurrukan da za su ja kuromosom su miƙe, a ƙarshe kuma shi da kansa ya tayar da na'urar da ke yi wa saikilin alama da ɗan furotin yubikwitin don a ruguza shi, sel ya koma farkon zagaye. Saɓanin agogo da sarƙa kuwa Hartwell da Ted Weinert ne suka warware shi a 1988 da 1989, inda suka nuna cewa akwai shingayen bincike da ke tsayar da agogon idan DNA ya lalace ko kwafarsa ba ta kammala ba, kuma ƙwan kwaɗo a farkon rayuwarsa yana gudu ne ba tare da yawancin waɗannan shingaye ba.

Yis yana tafiyar da zagayensa da CDK guda, amma a jikin dabbobi an yi ta gano 'yan'uwansa, har a wani taro a Cold Spring Harbor a 1991 aka amince a riƙa ba su lamba, cdc2 ya zama CDK1. Yanzu an san kimanin guda 20 a jikin ɗan Adam, kuma da yawansu, kamar CDK7 da CDK9, babban aikinsu yana wajen karanta ƙwayoyin gado. Waɗanda suka fi jan hankalin likitoci su ne CDK4 da CDK6, domin su ne, tare da wani nau'in saikilin mai suna saikilin D, ke karɓar saƙon girma daga wajen sel su liƙa fosfet a jikin furotin Rb, wanda ke riƙe sel a G1, sai ya saki. An fara sanin Rb ne ta hanyar wani ciwon daji da ke kama idon ƙananan yara, kuma da aka gano p16 a 1993, furotin da ke toshe CDK4, sai aka lura cewa a yawancin cututtukan daji akwai ɓaraka a wani wuri a wannan layi, ko dai p16 ya ɓace, ko saikilin D ya yi yawa, ko Rb kansa ya lalace.

A 2001 aka ba Hartwell da Nurse da Hunt kyautar Nobel ta fannin likitanci. Ƙa'idar kyautar ba ta yarda a raba ta tsakanin fiye da mutum uku ba, saboda haka aka bar Masui a waje, duk da cewa ya raba kyautar Lasker da Hartwell da Nurse a 1998. Duk wanda ya bi tarihin da idon adalci zai ga cewa ba don MPF ba, da masu yis da masu bushiyar teku ba su sami inda za su haɗu ba, kuma rashin sunansa a jerin aibi ne na ƙa'idar.

Littattafan karatu na shekarun 1990 sun zana tsari mai kyan gani, inda kowane mataki ke da nasa CDK da nasa saikilin, amma gwaji a kan ɓeraye ya rage wa zanen ƙarfi. A 2003 aka samar da ɓeraye marasa CDK2, wanda aka ɗauka babu kwafar DNA sai da shi, suka rayu, illa dai ba sa haihuwa. A 2007 ɗakin binciken Mariano Barbacid a Madrid ya nuna cewa tayin ɓera da aka cire wa CDK2 da CDK4 da CDK6 a haɗe yana ci gaba da rabuwar sel har tsakiyar goyon ciki, alhali wanda aka cire wa CDK1 ba ya wuce matakin farko. Wannan sakamako ya yi wa masu haɗa magani amfani, domin ya nuna cewa ana iya toshe wasu 'yan dangin ba tare da an kashe lafiyayyun sel na jiki ba.

Magungunan farko, irin su flavopiridol da aka gwada a shekarun 1990, suna toshe CDK da yawa a lokaci ɗaya, gubarsu ta yi yawa amfaninsu kuma bai taka kara ya karya ba, har kamfanoni da dama suka juya wa fannin baya. Palbociclib, wanda ke toshe CDK4 da CDK6 kaɗai, an haɗa shi tun 2001 amma ya daɗe ba a san cutar da ya dace da ita ba, sai da Richard Finn da Dennis Slamon na jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka nuna a 2009 cewa sel na sankarar mama mai dogaro da sinadarin mata na istirojin sun fi kowa jin sa. A gwajin da ya biyo baya, matan da aka haɗa wa shi da maganin letrozole sun kai matsakaicin wata 20.2 kafin cutar ta ci gaba, waɗanda suka sha letrozole kaɗai kuwa wata 10.2. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Fabrairun 2015, ribociclib da abemaciclib suka biyo baya a 2017. Waɗannan magunguna suna jinkirta cutar da ta riga ta bazu ba tare da sun kawar da ita ba, suna rage fararen ƙwayoyin jini, kuma sau da yawa cutar takan sami hanyar kauce musu, misali ta hanyar zubar da Rb ɗin da aikinsu ya dogara a kansa.

Sankarar mama ita ce cutar daji da ta fi yawa tsakanin matan Najeriya, kuma akasarin masu ita suna isa asibiti ne bayan ta yi nisa, wato a matakin da aka fara yin waɗannan magunguna dominsa. Sai dai ba a ba da su sai an ɗebi tsokar ƙarin an gwada an tabbatar da cewa irin mai dogaro da istirojin ne, gwajin da ba kowane asibiti ke yin sa ba, ana kuma buƙatar auna jinin mai shan su a kai a kai, ga shi farashinsu ya fi ƙarfin yawancin iyalai da ke biyan kuɗin magani daga aljihunsu.